Kada Ki Sa Fuskar Kowa a Bangon Sama

Kurmin Mashi, Kaduna.

Zuwa ga 'yata Hannatu,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki kin sauka Jos lafiya, ba ciwon kai, ba ɓatan kaya. Allah ya tsare ki a hanya da masauki, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya riƙe miki ƙafar tsani duk lokacin da kika hau. Ƙannenki suna gaishe ki. A jakar buroshinki na cusa takardar, don na san nan za ki fara buɗewa. Da a cikin littafin waƙoƙinki na sa ta, sai ta kwana har Lahadi.

Ba labari zan ba ki ba, jiya-jiya kika bar gida. Magana ɗaya ce ta tsaya mini a wuya. Ranar da kike haɗa kaya kin ce cocin da ya ɗauke ki aiki yana so ki zana masa sama a bangon bayan mimbari, bisa abin da wata matar ikilisiyarsu ta ce ta gani sa'ad da ta suma a asibiti. Kika ƙara da cewa za ki sa fuskar marigayiya mamanki a sahun gaba, cikin masu fararen riguna. Kina faɗa kina murmushi. Ni kuwa na ce "to," na fita waje kamar ana kirana. Hannatu, ba na so ki yi. Zanen sama ki yi shi, na san hannunki, ya fi nawa. Fuskar ce ba na so, kuma zan gaya miki dalili daga abin da ni na ɓata da hannuna.

Kin taso kin ga bangon cocinmu yadda yake yanzu: haske, kogi, da taron mutane da duk suka ba mu baya. Ba haka na fara zana shi ba.

Kina goye a lokacin. Ni mai rubuta allunan shaguna ne, ina kuma zana zaki da dawisu a bayan manyan motoci a Kawo. Sai taifot ta kwantar da ni, har aka fara kiran 'yan'uwa daga gida. A cikin wannan kwanciya na ga wani abu, kuma har gobe ba zan ce ban gani ba. Haske ne, ba na rana ba, ba ya zafi, ba ya kashe ido. Na ji kamar mutane da yawa suna waƙa daga nesa. Na kuma ji ba na son dawowa, ni da nake da mata da jaririya. Iyakar abin ke nan, in an matsa ni in rantse ba zan ƙara ko ɗigo ba.

Da na warke na tashi a sujada na ba da shaida, na faɗi wannan ɗin daidai. Jama'a suna jiran ci gaba. Wata mata daga baya ta ce, "Sai kuma me, ɗan'uwa?" Na ji kunya in ce shi ke nan, sai na ce na hango ƙofa. Da zumuntar mata suka gayyace ni, ƙofar ta zama ta lu'ulu'u, kogi ya fito. Kafin wata uku na ga titin zinariya, na ga mala'iku, har na san tsawon fukafukansu. Duk abin da na ji tun ina makarantar Lahadi na kwaso na zuba a cikin mafarkina, har ni kaina na daina sanin inda gani ya tsaya, inda ƙari ya fara. Mamanki ce kaɗai take kallona ta gefen ido. Wata rana tana tankaɗe ta ce, "Baban Hannatu, wannan sama taka kullum ƙara gini ake yi a cikinta." Na yi fushi, na ƙi cin tuwo, ita kuwa ta rufe shi ta ajiye mini.

To ga shawarata a kan matar nan ta Jos. Kada ki ƙaryata ta, ba ki shiga inda ta shiga ba. Kada kuma ki ɗauki maganarta kamar Nassi. Ki zauna da ita ku biyu, ba a gaban jama'a ba, don jama'a su ne suke sa mutum ƙari. Ki tambaye ta abin da ta fara faɗa da ta buɗe ido, ki nemi wanda yake bakin gadon a lokacin. Za ki tarar abin ɗan kaɗan ne, kuma wannan kaɗan ɗin shi ne mai daraja. Kin san manzon nan da aka ɗauke shi zuwa sama, ya dawo ya kama bakinsa, shi da ya fi mu iya magana. In sun ce ki rubuta a ƙasan zanen cewa haka aka gani, ki ƙi. Ki rubuta sunanki kawai, kowa ya san hannun mutum ne.

Kuskurena na biyu a kan wani dattijo ne. Da na kai wa dattawan ikilisiya maganar in zana abin da na gani a bango, duk suka yi na'am sai Baba Ayuba. Ba ki san shi sosai ba, tsohon ma'aikacin gidan ruwa ne, mutum mai ƙarancin magana, kullum da 'yar jakarsa a hammata. Ya ce shi bai yarda ba. Ya ce an hana mu yin siffar abin da ke sama, kuma mutanenmu da yawa ba su daɗe da barin abin da ake durƙusa wa ba.

Ni kuwa da zafin kai na ce, "Baba, a ɗakinka ba kalanda mai hoto?"

Ya ce, "Akwai. Amma ba ita nake fuskanta in zan yi addu'a ba."

Na kawo masa zancen siffofin da Allah da kansa ya sa aka yi a alfarwa ta sujada. Ya ce, "Gaskiyarka. Amma can Allah ne ya ba da awo. Kai wa ya ba ka?" Sa'an nan ya faɗi abin da ban manta ba. Ya ce, "Ɗana, gani ya kori ji. Fasto zai yi wa'azi awa guda a manta, bangonka kuwa yana nan kowace Lahadi. Abin da ka sa a ciki shi za su gaskata."

Aka kaɗa ƙuri'a na ci. Na fita ina gaya wa matasa cewa tsohon ba ya son ci gaba. Wata biyu ban gaishe shi da kyau ba, mutumin da ya zo asibiti sau huɗu ya duba ni.

Za ki haɗu da irinsa a Jos, ba cocin da ba shi da Baba Ayubansa. Kada ki raina shi. Masu bi sun daɗe suna ja a kan wannan magana tun kafin a haifi kakana, kuma kowane gefe akwai masu tsoron Allah. Kin san Mista Fidelis na bayan layinmu, cocinsu cike yake da hotuna da siffofi, bangaskiyarsa kuwa ta fi tawa nauyi, na gani ranar da ya binne ɗansa. Ya taɓa ce mini hoto a wurinsa taga ce, ba ya tsayawa a kanta, leƙawa yake yi. Na kuma san waɗanda ko gicciye ba sa ratayawa, kuma ba wanda zai ce ba su san Ubangiji ba. Ni inda na tsaya shi ne, zane halal ne, baiwa ce, Allah ne ya ba ki. Amma wanda ya ce miki a'a, ki je gidansa ki durƙusa ki gaishe shi, ki ce ya gaya miki abin da yake tsoro. Sau da yawa abin da yake tsoron yana nan tafe.

Yanzu ga babban. Ki karanta a hankali.

Na yi wata biyu a kan tsani. Da aka yaye zanen gado da muka rufe bangon da shi, coci ya ɗauki guɗa. Ni ma na ji kaina ya yi girma. Sai bayan sujada wata tsohuwa, kakar su Laraba, ta matso da sandarta ta daɗe tana kallo, ta ce, "Ɗan nan, aiki ya yi kyau. Amma babu namu a can ne?" Na duba, ashe duk mutanen da na zana Turawa ne, daga kalanda na kwafo su, har da gashinsu mai santsi. Aka yi ta dariya, ni ban yi ba.

Washegari na hau tsani in gyara. To baƙar fuska daga ina zan samo? Sai na tuna da takardun jana'iza da mamanki take tarawa a cikin akwati, waɗanda ake bugawa da hoton mamaci a gaba. Na ɗauko na tsohon fastonmu na farko na zana shi. Na zana wata shugabar zumuntar mata da ba ta daɗe da rasuwa ba. Ranar Lahadi 'ya'yanta suka gan ta a bango cikin farar riga, suka fashe da kuka, suka rungume ni. Daga nan fa aka buɗe ƙofa. Kowa ya je ya tono hoton nasa. Ana kawo mini har gida, wani a cikin leda, wani a tsakiyar littafi. Ina karɓa ina cewa, "Za a duba." Ki ji fa, za a duba. Ni mai fentin bayan mota, na zama mai duba wanda zai shiga.

Akwai wata mata a ƙungiyar mawaƙa, Mama Rifkatu, gwauruwa, tana sayar da ƙosai a bakin titi. Ita ce take ɗaga waƙa in an rasa mai ɗagawa. Ɗanta ɗaya namiji, Danjuma, makaniken babur. Yaron ya faɗa shaye-shaye, dattawa suka sa shi a horo, wato aka hana shi Jibin Ubangiji aka mai da shi bencin baya har sai ya tuba. Bai kai ga fita daga horon ba mota ta buge shi a hanyar Zariya. Wata ranar Talata da rana ina kan tsani ta shigo, ta tsaya a ƙasa, ta kwance bakin zaninta ta fito da ɗan ƙaramin hoto irin na katin shaida.

Ta ce, "Baban Hannatu, ga na Danjuma. Ko a can baya ne, ko rabin fuska."

Na san in na sa shi dattawa za su yi magana, wasu iyalai za su ce an haɗa nasu da mashayi. Da na ce mata haka, da ta ji haushi ta wuce, ta san halin mutane. Amma ban so a ce ina tsoron kowa ba. Sai na nemi mafaka a cikin mafarkina. Ko saukowa ban yi ba, na ce, "Mama, ni abin da na gani nake zanawa. Ban gan shi a can ba."

Ta mai da hoton ta ɗaure, ta ce, "To, sannu da aiki," ta fita.

Hannatu, ban ga Danjuma ba, gaskiya ne. Amma ban ga tsohon fasto ba, ban ga kowa ba, haske kawai na gani. Ita kuwa ta gaskata ni, don tana cikin waɗanda suka yi ta kuka ranar da na ba da shaida. Ta ɗauka wanda ya je ya dawo ne ya gaya mata ɗanta ba ya can.

Ba ta bar coci ba, da ma ta bari da na gane da wuri. Ta dai bar mawaƙa, ta ce maƙogwaro. Ta koma zama a gefe wajen taga, inda ginshiƙi yake tare bangon. Shekara shida tana nan. Ni ina gani, ina gaya wa kaina tsufa ne. Mamanki ce ta je gidanta gaisuwar rashin lafiya ta dawo, ta ajiye kwano, ta tsaya a kaina. Ta ce, "Me ka gaya wa Mama Rifkatu? Matar nan ta ce ta daina roƙon Allah ya kai ta sama, wai me za ta je yi inda ɗanta ba ya nan." Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba, ko a gadon asibiti.

Na je. Na same ta a tsakar gida tana wanke wake. Na durƙusa a kan siminti na gaya mata duka: ban ga ƙofa ba, ban ga titi ba, ban ga fuskar kowa ba, tsoron dattawa ne ya sa na faɗi abin da na faɗa. Na ce in ta yarda gobe zan zana Danjuma a sahun gaba, kowa ya yi abin da zai yi.

Ta daɗe hannunta a cikin ruwa. Sa'an nan ta ce, "Ashe ba ka sani ba."

Na ce, "Ban sani ba, Mama."

Ta ce, "To kada ka zana shi. Da ka ce ba ya nan ba ka sani ba, yanzu in ka ce yana nan ma ba ka sani ba. Ka bar mini shi a hannun wanda ya sani." Sai a lokacin ta yi kuka, kuma na ga kukan sauƙi ne. Ta yafe mini a ranar, amma shekara shidan ba ni da inda zan samo in mayar mata.

Ranar Lahadi na tashi a gaban ikilisiya na janye shaidata, na bar hasken da waƙar kawai. Na ce zan shafe fuskokin duka. An yi rigima. Wani ya ce in na taɓa uwarsa sai ya karya mini tsani, wasu iyalai biyu sun daina amsa gaisuwata har yau, kuma ban ga laifinsu ba, ni na ba su abin sannan na ƙwace. Da na zo aikin, mutum ɗaya ne ya zo ya riƙe mini bokitin fenti, Baba Ayuba. Bai ce ai na gaya maka ba. Cewa ya yi, "Kada ka shafe mutanen, juya su kawai su kalli hasken." Shi da bai so zanen ba tun farko, shi ya ba ni gyaransa. Mama Rifkatu ta dawo mawaƙa kafin ta rasu, ko da yake muryar ta riga ta tafi.

Na san abin da za ki ce. Za ki ce mamanki daban ce, kowa ya shaida ta, ba a taɓa sa ta a horo ba. Haka ne. Ni da na zauna da ita shekara ashirin da uku ina da tabbaci a kanta fiye da yadda nake da shi a kan kaina. Kuma kada ki ɗauka ba na marmarin ganin fuskar nan. Akwai ranakun da nake ɗaukar fensir in fara goshinta a bayan takarda. Ki zana ta, Hannatu, ki zana ta tana tankaɗe, ki zana ta tana harararmu, ki aiko mini in rataya a falo. Amma ba a bangon sama ba. Fuska ɗaya in ta hau bangon nan, ta zama ƙofa, ke kuma kin zama mai gadi. A Jos ma akwai mata masu hoto a bakin zani.

In wannan bai ishe ki ba, ga tambayar da nake so ki amsa kafin ki jiƙa buroshi. Inna Habi fa? Maƙwabciyarmu, wadda ta goya ki wata takwas lokacin da mamanki take kwance bayan haihuwar ƙaninki, wadda kike kwana a bayanta tana salla. Kin fi kowa kuka da ta rasu bara, har 'ya'yanta suna ba ki haƙuri. Ita da mamanki shekara ashirin suna miƙa wa juna kwano ta kan katanga. Ranar da kika gama fuskar Mama, hannunki zai tsaya a kan wurin da ke kusa da ita. In kin sa Inna, cocin zai tashi a kanki, 'ya'yanta kuma ba za su ji daɗi ba, don a addininsu ba a yi wa uwarsu haka. In kin bar wurin ba ita, kin faɗa da fenti abin da na faɗa wa Mama Rifkatu da baki, kuma duk Lahadin da kika shiga cocin nan ke za ki fara karanta shi. Ni ban san yadda Ubangiji zai yi da Inna Habi ba. Na san shi mai adalci ne, na san ya fi ni jinƙai, na san ya ga goyon nan. Fasto bai ba ni amsar da ta wuce wannan ba, kuma ba na so 'yata ta zama ita ce za ta amsa daga kan tsani.

Saboda haka ki zana musu sama mai kyau, kada ki ji tsoro. Ki sa haske iyakar iyawarki, ki sa baƙaƙe da farare, manya da yara, har da mai sanda. Ki juya su duka su fuskanci inda hasken yake fitowa. Duk wanda ya zo miki da hoto, ki sauko ƙasa tukuna, ki karɓa da hannu biyu, ki tambayi sunan mamacin, ki saurari labarinsa. Sa'an nan ki mayar masa, ki nuna masa taron, ki ce ya zaɓi bayan da ya yi kama da nasa. Ni akwai wata mai ɗan kwali a hagu, kusa da kogi, da nake kallo tun da mamanki ta tafi. Akwai wata a gefenta, kafaɗarsu tana taɓa juna. Ban taɓa gaya wa kowa ko wace ce nake gani ba, kuma ba wanda ya isa ya ce mini ba ita ba ce.

Ki ci abinci kafin ki hau tsani, ki sa rigar sanyi, garin nan ba Kaduna ba ne. Ki gaishe mini da faston da dattawansa, musamman wanda zai ƙi aikinki. Ubangiji ya tsare fitarki da shigarki, ya kiyaye idonki da hannunki da bakinki, ya dawo mana da ke lafiya. Allah ya yi miki albarka.

Ni ne,
Babanki.